Amsar tambaya: me ya haɗa azara, haske da fara'a a kalmar "beam"?

Wata ɗaliba da ke shirin shiga jami'a ta rubuto mini cewa: "Malam, a mako guda na gamu da kalmar beam sau uku, kowane karo da fuskarta daban. Injiniyan da ke duba ginin gidanmu ya ce wa Babanmu beam ɗin falo ya yi siriri. A littafin fiziks na ga 'a beam of light'. A wani labari kuma na karanta 'she beamed at her son'. Da na buɗe ƙamus sai na tarar ma'anonin sun fi goma. Kalma ɗaya ce, ko kalmomi ne daban da rubutunsu ya zo ɗaya? Kuma yaya zan riƙa gane wadda ake nufi?"

'Yata, Allah Ya yi miki albarka da wannan tambaya. Kalma ɗaya ce, tushenta ɗaya, kuma idan kika kama tushen ba sai kin haddace jerin da ke cikin ƙamus ba. Na shafe shekaru ina koyar da Turanci da fassara, kuma beam na cikin kalmomin da nake jin daɗin tsayawa a kansu a aji, domin ana iya bin sawunta tun daga daji har zuwa sararin samaniya ba tare da sawun ya ɓace ba.

A Turancin da, wanda ake yi a Ingila shekaru sama da dubu da suka wuce, beam na nufin bishiya, wadda ke tsaye da saiwarta da ganyenta. 'Yan'uwan kalmar suna nan da ransu a harsunan da suka haɗa kaka da Turanci: Bajamushe yana kiran bishiya Baum, mutumin Holan yana cewa boom. A Turanci kalmar tree ce ta ƙwace wannan ma'ana, amma tsohuwar ta bar alamarta a sunayen wasu itatuwan Turai, kamar hornbeam da whitebeam. To, bishiya idan aka sare ta, aka sassabe rassan, me ya rage? Gungume dogo, miƙaƙƙe, mai ƙarfi. Wannan hoton shi nake so ki riƙe. Duk sauran ma'anonin daga jikinsa suka tsiro.

Mu fara da ginin gidanku, tunda shi ne ya shafi lafiyar mutane. A bakin magina, beam shi ne abin da aka gitta a kwance daga bango zuwa bango, ko daga ginshiƙi zuwa ginshiƙi, don ya ɗauki nauyin abin da ke samansa. Wanda ke tsaye sunansa column ko pillar, shi ne maginanmu ke kira fila. Wanda ke kwance shi ne beam, suna ce masa bim. Ƙaramin da ke saman ƙofa ko taga yana da sunansa, lintel, wato linta, amma shi ma ɗan gidan beam ne. Bahaushe ya san wannan aiki tun kafin siminti ya zo: azara. Ana tsaga ta daga giginya, gara ba ta cika samun galaba a kanta ba, kuma ita ke riƙe da rufin soro. Sai dai tana da iyaka. Idan tazarar ta wuce wajen mita biyu babu abin da ya tallafe ta, nauyin ƙasa zai lanƙwasa ta. Shi ya sa gwanayen magina suka ƙirƙiro dabarar jera azara hawa-hawa daga jikin bango, da ɗaurin bakan gizo, irin wanda ake gani a tsohon Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani ya gina a ƙarni na 19. Matsalar da suka warware da laka da giginya ita ce wadda injiniyanku ke magana a kanta da kankare da rodi.

Ki ɗauki rular roba ki ɗora bakinta biyu a kan littattafai, ki danna tsakiya. Idan tana kwance da faɗinta, nan take za ta lanƙwashe. Ki tsayar da ita a kan kaifinta ki sake dannawa, za ki ji ta ƙi. Rula ɗaya ce, nauyinta bai canza ba, abin da ya canza shi ne kaurinta daga sama zuwa ƙasa. A lissafin injiniyoyi, idan aka ninka faɗin beam sau biyu ƙarfinsa ya ninku sau biyu ne kawai, amma idan aka ninka zurfinsa sau biyu, nauyin da zai iya ɗauka ya ninku sau huɗu, tirjiyarsa ga lanƙwasa kuma sau takwas. Sannan lokacin da beam ke ɗauke da kaya, samansa yana matsuwa, ƙasansa yana miƙewa kamar ana jan sa. Kankare gwani ne wajen jure matsi, rago ne wajen jure ja, don haka ake sa manyan roduna a ƙasa. A baranda mai fitowa waje babu ginshiƙi a ƙarƙashinta kuwa abin juyawa yake, saman ne ke miƙewa, rodi a sama yake zama. Wannan ne kuma dalilin da ya sa ƙarfen gadoji yake da siffar harafin I, har ake kiransa I-beam: an tara ƙarfen a sama da ƙasa inda wahalar take, an rage shi a tsakiya. Masanin kimiyya Galileo ya yi nazarin wannan matsala a 1638, masana lissafi Euler da Bernoulli suka tsara lissafinta wajen 1750. Saboda haka idan injiniya ya ce bim ɗin falo ya yi siriri, ki roƙi Babanku ya saurare shi ko da kuɗin zai ƙaru. Falo ne ɗakin da ya fi tazara tsakanin bango da bango, kuma a nan iyali ke taruwa.

Daga gini sai kalmar ta bazu cikin sana'o'i, ko'ina aka sami doguwar sanda mai ɗaukar nauyin aiki. Sandar ma'auni mai kwano biyu, irin na masu sayar da zinariya, beam ce. Sandar da masaƙi ke naɗe zare ko saƙa a jikinta beam ce. Doguwar sandar garmar shanu wadda ake ɗaura wa ƙarfen huɗa, ita ma haka. Injin tururi na farko da ya yi aiki sosai, wanda Thomas Newcomen ya haɗa a 1712 don zuƙe ruwa daga ramukan haƙar ma'adinai, ana kiran irinsa beam engine saboda ƙaton gungumen da ke lilo a samansa. A wasannin Olamfik akwai katakon da 'yan mata masu wasan motsa jiki ke tsalle a kansa, tsawonsa mita 5, faɗinsa santimita 10 kacal, sunansa balance beam.

Wadda ta fi rikita masu fassara ita ce ta jirgin ruwa. Idan kin taɓa shiga kwale-kwale a Yauri ko Lokoja, kin ga katakan da aka gitta daga gefe zuwa gefe. A manyan jiragen katako na da, irin waɗannan gittattun gungume su ke riƙe da daɓen jirgi, kuma mafi tsawonsu yana daidai inda jirgin ya fi faɗi. Sai matuƙa suka mai da sunan gungumen ya zama sunan awon. A yau idan aka ce beam ɗin jirgi, faɗinsa ake nufi, ko da babu katako ko ɗaya a jikinsa. Jirgin Ever Given da ya toshe mashigin Suwez kwana shida a watan Maris na 2021, tsawonsa mita 400 ne, beam ɗinsa kusan mita 59. Tsofaffin ƙofofin mashigin Panama kuwa ba sa karɓar jirgin da faɗinsa ya wuce mita 32.3, abin da ya sa aka daɗe ana ƙera jirage daidai wannan awo. Na taɓa duba aikin wani ɗalibi da ya fassara "the vessel has a beam of 30 metres" da cewa jirgin yana da fitila mai haska mita 30. Jimlar ta yi daɗin karantawa, ba wanda zai yi zargin kuskure, kuma irin wannan kuskuren ne ya fi haɗari.

Teku ta ba Turanci wasu maganganun. "On the port beam" na nufin abu yana daidai gefen hagu na jirgi, ba gaba ba, ba baya ba. Jirgin da guguwa ta kwantar har gittattun katakansa suka kusa miƙewa tsaye, ana cewa yana "on her beam ends", saura ƙiris ya kife. Idan aka faɗi haka a kan mutum, ana nufin ruwa ya ƙare wa ɗan kada, ba kuɗi ba dabara. Akwai kuma "broad in the beam", mai faɗin ƙugu. Ki san ta don ki gane ta idan kin gani, amma kada ki faɗa wa kowa, ba magana ce ta ladabi ba.

Kafin mu bar katako, akwai wani wuri da za ki gamu da tsohuwar ma'anar a rubutun manyan marubuta. A fassarar Baibul ta Turanci ta 1611, a Matiyu 7:3, an tambayi mutum me ya sa yake ganin "mote", wato ɗan haki, a idon ɗan'uwansa, amma bai lura da "beam" da ke nasa idon ba. Ɗalibai da yawa suna ɗauka haske ne a ido, tunda an ambaci ido. Gungume ake nufi, kuma girman bambancin haki da gungume shi ne gishirin maganar. An ruwaito makamancin wannan zance da Larabci daga Abu Huraira, inda aka ambaci kututturen dabino. Mu kuma muna da tamu: laifi tudu ne, ka take naka ka hango na wani. Idan mai sharhin jarida ya ce wa ɗan siyasa ya fara cire "the beam in his own eye", wannan karin maganar tamu ce fassararsa.

Yanzu ga mahaɗar da ta fi ba ki mamaki: ina gungume, ina haske? Ki tuna tsohon ɗaki mai duhu da rana tsaka, rufin kwano ya ɗan huje. Hasken da ke shigowa ta hujin ba ya warwatsuwa. Yana saukowa a miƙe, da kaurinsa, ƙura na yawo a cikinsa, kamar sanda da za ki iya kamawa. Idon da ya ga wannan shi ne ya kira shi beam. Tun a Turancin da akwai kalmar da ta zama sunbeam, kuma masana tarihin kalmomi suna danganta yaɗuwar ma'anar da malaman coci, waɗanda suka yi amfani da beam wajen fassara "ginshiƙin haske" da "ginshiƙin wuta" daga Latin. Wannan tafiya Turanci ne ya yi ta. Bajamushe har yau Baum ɗinsa bishiya ce, gungumen gini da tsirkiyar haske kowanne da kalmarsa daban.

A fiziks ki bambanta beam da ray, domin suna fitowa a jarrabawa. Ray layi ne guda siriri da ake zanawa da kibiya don nuna hanyar da haske ya bi. Beam dami ne na irin waɗannan layuka masu tafiya tare. Suna iya tafiya kafaɗa da kafaɗa, suna iya tattaruwa zuwa wuri guda, suna iya bazuwa. Kuma ba kowane haske ne beam ba. Ƙwan lantarki da ke rataye a tsakar ɗaki yana ba da light, yana haska ko'ina. Tocila ita ke ba da beam, domin haskenta yana da alƙibla. Direban da ya dalle miki fitila da dare, a Amurka za a ce ya kunna high beam, a Ingila full beam ko main beam. Ta ƙasa kuma low beam ko dipped beam, wadda direbobinmu ke kira dim.

Da kimiyya ta gano abubuwan da ke tafiya a miƙe ba tare da ido ya gan su ba, sai aka ara musu sunan. Leza, wadda Theodore Maiman ya fara kunnawa a 1960, laser beam take fitarwa. Tsohuwar talabijin mai ƙaton ƙeya tana zana hoto ne da electron beam da ke share gilashin layi-layi. Na'urar asibiti da ke ƙona ƙwayoyin cutar daji daga wajen jiki beam take aikawa, a saita shi daidai kan ƙarin. A cibiyar binciken kimiyya ta CERN da ke kan iyakar Faransa da Suwizalan, tun 2008 ake kora ƙananan ƙwayoyin zarra a cikin zobe mai tsawon kilomita 27, su ma beam ake ce musu.

Rediyo ma ta samu rabonta, kuma nan ne kalmar ta taɓa rayuwarmu ba mu sani ba. A 1926 kamfanin Marconi ya buɗe hanyar sadarwa tsakanin Ingila da Kanada wadda ake kira beam system: maimakon a watsa sigina ko'ina a yi asarar ƙarfinta, sai a tattara ta a nufi ƙasa guda da ita. Duk wanda ya tashi yana jin iyayensa suna murɗa akwatin rediyo da asuba suna neman gajeren zango, wannan dabara ce ta kawo masa muryar. Sashen Hausa na BBC ya fara aiki a 1957, kuma tashar da ke tsibirin Ascension a tsakiyar tekun Atilantika tana cilla shirye-shirye zuwa Afirka tun 1966. A Turanci sai a ce shirin "is beamed to West Africa". Haka tauraron ɗan'adam: kowanne yana da beam, yankin ƙasa da ya fuskanta. Garin da ke tsakiyar yankin ƙaramin farantin kamo sigina ya ishe shi, wanda ke gefe-gefe sai da babba.

Daga rediyo aka sami "on the beam" da "off beam". Kafin zuwan na'urorin yau, matuƙin jirgin sama yana bin sigina daga tashar ƙasa da kunnensa. Idan ya karkata gefe guda zai ji harafin A na Morse, wato tsarin aika saƙo da ƙara, gajeriyar ƙara sannan doguwa. Idan ya karkata ɗaya gefen zai ji N, doguwar ƙara sannan gajeriya. Idan yana kan hanya daidai sai sautukan biyu su haɗe su zama ƙara guda marar yankewa. A Yaƙin Duniya na Biyu, a 1940, jiragen Jamus sun bi irin wannan sigina da dare zuwa biranen Ingila, Turawan Ingila kuma suka duƙufa wajen dagula ta, har ana kiran wannan fafatawa Battle of the Beams. Saboda haka idan malami ya ce miki "your answer is way off beam", yana nufin kin saki hanya, kin yi nisa da daidai.

A jaridun Najeriya kuma za ki yawaita ganin kanun labari irin "agency beams searchlight on contractors". Wannan salon 'yan jaridarmu ne, ba kasafai za ki gan shi a jaridun Landan ba, amma ma'anarsa a fili take: hukuma ta sa wa 'yan kwangila ido, ta fara bincikensu. Ba na son a fassara shi da "ta haska musu fitila", domin mai sauraro zai iya ɗauka taimaka musu ta yi. Masu kallon fina-finan Amurka sun san "beam me up" daga shirin Star Trek da ya fara a 1966, inda ake ɗauke mutum daga wuri zuwa wuri kamar saƙon rediyo. Idan kuma kika je Jamus karatu aka ce a kunna Beamer, na'urar haska rubutu a bango ake nufi, wadda Bature ɗan Ingila ke kira projector.

Ga yadda nake koya wa ɗalibaina su gane wadda ake nufi. Kada ki tsaya kan kalmar, ki dubi wanda ke magana da maƙwabtanta a jimla. Idan akwai steel, concrete, roof, crack, load, gungume ne. Idan an ce "beam of" sannan light, electrons ko wani abu mai tafiya ya biyo, tsirkiya ce. Idan jirgin ruwa ne kuma adadi na mita ya biyo, faɗi ne. Idan aikatau ce kuma "to" ko "into" ya biyo tare da sunan wuri, aikawa ce. Ba baƙon abu ba ne a gare ki. Kina cewa bakin mutum, bakin kogi, bakin wuƙa, bakin kasuwa, bakin aiki, ba ki taɓa tsayawa kin tambayi wane baki ba, domin kalmar da ke biye ta riga ta gaya miki.

Ki kula da furuci kuma. Wasalin beam dogo ne, a ja shi. Hausa ba ta barin dogon wasali a gaɓar da ta ƙare da baƙi, shi ya sa harshenmu ke gajarta shi ya koma bim. A wurin gini tsakaninki da magina bim ɗin ya wadatar, haka ake faɗa. A Turanci kuwa ki ja wasalin, ki kuma rufe leɓɓanki a ƙarshe, in ba haka ba sai a ji bean, wato wake.

Saura jimlarki ta uku, "she beamed at her son". Idan mai aikin mutum ne, kuma at ko with ya biyo, fuska ce ake magana a kanta. At yana nuna wanda aka yi wa, with yana nuna dalili: "beaming with pride", "beaming with joy". Ya fi smile ƙarfi. Smile na iya zama na ladabi kawai, na iya zama na yaƙe, har na mugunta. Beam ba ya ɗaukar ko ɗaya daga cikin waɗannan, farin ciki ne da ya cika ciki har ya fito fuska, shi ya sa ba a cewa mutum ya yi beam cikin baƙin ciki ko ƙyashi. "Beaming from ear to ear" shi ne namu baki har kunne. Bature ya kalli irin wannan fuska ya ga tana fitar da haske zuwa ga wanda ake kallo, kamar yadda tocila ke nufar abu guda. Bahaushe ma abin da ya gani ke nan, domin annuri da muke cewa ya cika fuskar mutum daga kalmar Larabci ta haske ya samo asali. Don haka da ni ke fassara labarin nan ba zan rubuta "ta yi wa ɗanta murmushi" ba, ya yi kaɗan. Zan rubuta: ta dubi ɗanta, fuskarta cike da annuri.